Shekarar da "Beta" ta Shigo Gandunmu

Zuwa ga ƙanena Sule, malamin gona.

Sallama irin ta Musulunci a gare ka, da kai da maƙwabtanka na makwanci. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai cewa ina nan Tamawa inda ka bar ni. Ƙafa ta yi nauyi, ido ya rage, amma kai bai taɓu ba tukuna. Abin da na gani da idona ina riƙe da shi, har da wanda na fi so in manta.

Ka san ban yi boko ba, kuma har yau ban yi nadama ba. Ɗiyarka Rabi ce ke riƙe da alƙalami. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Ta ce za ta sa takardar inda jama'a ke karantawa, na ce ta sa.

Maganar geron Kaka ce, mai gashi, da yadda ya kusa ƙarewa a hannunmu. Amma ba zan iya farawa daga geron ba sai na fara daga kalmar nan taka, don ita ta riga irin shigowa gidan.

Beta.

Yanzu ta zama ta kowa. Mai shayi na faɗinta, direba na faɗinta, in na je asibiti Dutsin-Ma malamar da ke auna jini sai ta ce mini, "Baba, yau jiki beta?" Babu mai waiwayawa. Amma ni na san ranar da ta fara taka ƙasar Tamawa, kuma na san a bakin wa.

Shekarun nan ne da ake ta maganar mulkin kai, amma bai zo ba tukuna. Ka gama elemantare a Dutsin-Ma, ka yi midil a Katsina, aka tura ka koyon aikin gona, ka dawo da keken En'e da gajeren wandon kaki da littafi a aljihu. Inna ta dama maka fura a ƙwarya. Ka kafa kai ka shanye, ka goge baki, ka ce, "Kai, wannan beta!" Inna ta dube ni ta ce, "Mamman, me yaron nan ya ce? Zagi ne ko godiya?" Ka yi dariya har ka ƙware. Ka ce nufinka ta fi wadda kuke sha a makaranta.

Na tuna da yammacin da ka zauna ka warware mini ita a gindin gawon nan na bakin gandu, ni ina ɗaure ƙotar sungumi. Ka ce aikinta ya kai huɗu. In abu ya fi abu, ita ce. In mara lafiya ya fara jin sauƙi, ita ce. In za a ce wa mutum gara ka yi kaza tun kafin ranka ya ɓaci, ita ce. Har na gaba da kai, ka ce, da ita ake kiransu. Na ce mu muna da "ya fi", muna da "gara", muna da "gwamma", muna da "da sauƙi", muna da "dama-dama", kowace da wurin zamanta. Su kuwa kalma ɗaya suka ɗora wa kaya huɗu kamar jakin gidan talaka.

Ka ce kuma 'yar riƙo ce. Kalmarsu ta "mai kyau" daban take, gud, ba ta ko kama da ita. Wai gud ba ta haifi ɗiyar da za ta gaje ta ba, sai aka ɗauko wannan daga wani tsohon gida da ya mutu, gidan da ke nufin gyara ko amfani ko magani, aka ba ta riƙo. Haka malaminku ya gaya muku. Wannan ɓangaren ya yi mini daɗi, ban dai nuna maka ba. Na ce a raina ashe su ma suna da riƙo.

Faɗinta ma ba a daidaita ba. Baturen gona da kake yi wa rakiya, in ya faɗe ta kamar yana tsoron kada ta ƙone masa harshe, ya taɓa ta ya saki. Akawun kantin Dutsin-Ma, mutumin kudu, shi danna ta yake yi ya buɗe baki duka, ana ji daga rumfar mahauta. Baba Soja na Kurfi, wanda ya je yaƙi ya dawo da ɗingishi, shi har Hausa yake ɗaura mata, ya ce "ya fi beta", kana ta gaya masa cewa magana ɗaya ya faɗa sau biyu, yana ce maka shi da Turawa ya ci wuya ba a aji ya same su ba. Daga baya, bayan mulkin kai, da wani Ba'amurke ya zo koyarwa, ka zo kana kwaikwayonsa, wai shi "bedar" yake cewa, da gurnani a ƙarshe. Ka ce akwai harafi a wutsiyarta wanda Baturen Ingila ke rubutawa ba ya faɗa. Na ce wannan kamar mutumin da aka kira gayya ne, ya zo ya tsaya bakin gona bai kama hauya ba.

Duk wannan wasa ne. Abin da ni na lura da shi, wanda ba ka sa cikin huɗun ba, shi ne ba ta zuwa ita kaɗai. Duk inda aka ɗaga wani abu da ita, akwai wani abu da aka kayar a gefe. Shi ya sa ranar da ka shigo da buhun nan ƙarami ka ce sabon irin gero ne daga gonar gwamnati, ka ce beta ne, ni abin da kunnena ya ji shi ne an kayar da geron Kaka.

Bari in faɗi yadda geron yake, don masu karatu ba duka suka san shi ba. Kakanmu ya zo da shi daga arewa, wajen Maraɗi, tun kafin a haifi Baba. Zangarniyarsa doguwa, jikinta duk gashi mai tsini, tsuntsu ba ya iya sauka ya ci. Yana jinkirin nuna, amma yana shekara uku a rumbu ƙwari ba su gama da shi ba. Mata ba sa son sussukarsa don gashin na shiga hannu da wuya, shi ya sa maƙwabta ba su riƙe shi ba. Wanda ya karɓa ma sai ya haɗa da nasa ya ɓace. Mu kaɗai muke da shi tsantsa, don gandunmu na bayan duwatsu ne, gonakin da ke kewaye da shi duk dawa ake shukawa.

Baba ya rasu shekara biyu kafin nan, gandu ya dawo hannuna. Amma iri ba a hannuna yake ba, a hannun Inna yake. Ka san ƙa'idarta. Ranar yanka ita ke bi tana zaɓen zangarniyoyin da suka fi cika, ta ɗaure su kashi uku, ta rataye a madafa inda hayaƙi ke bugu. Na farko na shuka. Na biyu na ramuwa, in ruwa ya yaudare mu. Na uku ta ke kira na Allah-ya-kiyaye. Shi ba a taɓa shi ko da me, sai sabon gero ya shiga rumbu, an rataye wani a madadinsa, sannan a sauke shi a yi fura.

Ba ka ce a bar na Kaka ba. Wannan dole in faɗa. Cewa ka yi a gwada naka a gayaunar bakin rafi, can nesa, a ga yadda zai yi. Ni na ƙi. Na ce Fulani sun zauna da shanu a gayaunar nan rani guda, ƙasar ta sha taki, ko tsakuwa aka shuka za ta yi kai. In gwaji ne a yi shi cikin gandu, kunya biyar nawa, kunya biyar naka, haka har ƙarshen gona, rana ɗaya, ruwa ɗaya, hauya ɗaya, kada wani ya zo ya ce ƙasa ce ta taimake shi.

Ka ce, "Yaya, gero mai yawon aure ne. In ka haɗa su wuri ɗaya iska za ta ɗaura musu aure, 'ya'yan ba za su yi kama da kowa ba."

Na ce, "Ashe har auren gero aka koya muku a Katsina? To wa ke waliyyi, kai ko Baturen?"

Mutanen da ke zaure suka fashe da dariya. Dariyar nan ita ta rufe maganar. Ka sake tayar da ita sau biyu, sau biyun ina ce maka tsoro kake ji. Na san masara na yin haka, don ana gani a jikin ƙwayar, fara da ja a goyo ɗaya. Gero kuwa ba ya nunawa a shekarar. Abin da ido bai nuna mini ba a lokacin ban yarda da shi ba.

Ruwan farko ya sauka, muka yi shuka. Ya tsiro kamar gashin jariri, sai sama ta ɗauke kwana ashirin. Duk ya ƙone, nawa da naka. Da ruwa ya dawo Inna ta sauke na ramuwa, kai ma ka kawo ragowar buhunka, muka sake.

Wannan karon ya kama. Sai dai zabbin daji da ɓeraye sun tone ramuka da yawa, kuma abin ya fi yawa a kunyoyina, ban san dalili ba. In ka tsaya bakin gona za ka ga naka a jere, nawa kamar bakin tsoho, nan haƙori nan wawulo. Mutane na wucewa hanyar Kurfi suna tsayawa suna kallo. Wani ya ce, "Mamman, da alama boko zai ci."

A shekarar da ba gasa, gurbi ba komai ba ne. Ka jefa wake a wurin ka wuce. Amma ni ba wake nake so ba.

Wata rana Inna ta tafi suna Ɗantutture. Na shiga madafa da hantsi, na taka turmi, na sauke na Allah-ya-kiyaye. Na murje shi da hannuna a faifai, na tafi na cike kowane gurbi. Na gaya wa kaina cewa ai ba a zubar na yi ba, a ƙasa na sa, zai dawo ninki.

Da ta dawo ta ga ƙusar babu komai, ba ta ɗaga murya ba. Ta kira ni ta ce, "Mamman, wanda ba a taɓawa ka taɓa?" Na ce zai dawo. Ta ce, "Allah ya sa." Ba ta sake maganar ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Kai ma ka shiga madafar ranar Juma'a ka ɗaga kai ka gani. Ka fito ka ci gaba da hira da Inna.

Damina ta yi kyau. Naka ya riga nawa fitar da kai, amma 'ya'yansa na baya sun tarar da nawa yana bununi, wannan ƙurar fure da ke tashi in iska ta kaɗa da safe. Na sha tsayawa ina kallonta tana bi ta kan kunyoyi, rawaya-rawaya, ina jin daɗi, ina cewa gero ya yi albarka.

Naka ya nuna da wuri, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, yaran gida suka ci tumu kafin kowa a unguwa. Wannan gaskiya ne. Amma da yake shi kaɗai ya nuna a duk yankin, kuma ba gashi, tsuntsayen jan-baki suka taru a kansa kamar an yi musu shela, sai da muka kwana biyar muna kaɗa gwangwani. Nawa ya zo a baya, tsuntsu bai taɓa shi ba.

Aka kira Liman da Sarkin Noma su raba gardama. Aka ƙirga dami, naka ya ɗara da kaɗan. Aka ɗaga, nawa ya fi nauyi. Aka tambayi mata, suka ce naka ya fi daɗin sussuka, nawa ya fi daɗin fura. Sarkin Noma ya sosa ƙeya ya ce shi dai ya ga gero biyu, duka Allah ya ba su. Baba Soja, da ba a kira shi ba, ya ce, "Duka biyun sun fi beta." Aka watse kowa na cewa shi ya ci.

Inna ta bi kunyoyina ta zaɓi iri kamar kullum. Zangarniyoyi dogaye, gashi cif. Ta ɗaure kashi uku ta rataye. Na kalle ka na ce, "To malam, ina auren?" Ka ce, "Sai baɗi, Yaya."

Baɗi ta zo. Ba ka kawo naka ba, nawa kaɗai muka shuka gandu duka. Da ya fara fitar da kai na je da safe na tsaya. Wani dogo ba gashi. Wani gajere da gashi rabi. Wani ya nuna tun sauran ba su yi bununi ba. Na bi kunya-kunya har ƙarshen gona ina neman wanda zan ce wannan na Kaka ne sak, in na samu mai kama sai in ga wani abu ya bambanta. Kashi ukun da ke madafa duk daga gona ɗaya suka fito. Babu inda zan koma.

Da na bar na ukun nan a ƙusarsa, da sai in sauke shi in fara daga farko. Don irin ranar aka yi shi.

Ranar kasuwar Kurfi na same ka a layin masu awo kana magana da manoma. Na tsaya na ɗaga murya na ce, "Jama'a ku ga malamin da ya yi karatu har ya kashe geron kakansa." Mutanen wajen suka juyo suna kallonka. Kana da abin da za ka faɗa, kalma biyu ta isa, madafa da ƙusa. Ka dube ni ka ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya." Ka ja kekenka ka bi ta wajen masu tukwane.

Daga ranar muka daina cin tuwo a akushi ɗaya. Kana zuwa Juma'a ka gaida Inna, mu yi musabaha kamar baƙi, ka koma Dutsin-Ma. Manoma da yawa suka daina karɓar komai daga hannunka, har maganin feshin iri da ba ruwansa da maganar. Na ji, na bar su a haka.

Damina uku na yi ina zaɓen masu dogon gashi ina sake shukawa. Kowace shekara sai ya fito gauraye, kamar garken da ba makiyayi. Tsuntsu ya gane hanyar gandunmu. A shekara ta biyu Inna ta kwanta. Matata Hajara ta dama mata fura, ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye ta ce, "Ba ita ba ce." Ba ta ga kakar shekarar ba.

Ashe duk wannan lokacin nema kake yi. Daga baya na ji. Duk ƙauyen da aiki ya kai ka, in ka gama maganar gwamnati sai ka tambaya ko akwai mai gero mai gashi. Ka leƙa rumbuna a Ɗantutture, ka leƙa na ƙauyukan Kurfi, ana nuna maka gauraye kana godiya kana wucewa. Har suka sa maka suna malam mai neman gashi.

A Kuki ka same shi, a gidan Gwaggo Hajjo, ƙanwar Baba, wadda aka kai can aure tun ba mu yi wayo ba. Ranar da za a kai ta Kaka ya sa mata 'yan zangarniyoyi cikin kayanta. Shekara da shekaru tana shuka shi a bayan ɗakinta, cikin katanga, ɗan abin da zai ishe ta furar azumi, ba ta taɓa barin ya fita gona ba don surukanta sun ce yana soke musu hannu.

Ni ne ake kira in an rasa wanda ya haifi wane. Ina jero kakanninmu bakwai ba tuntuɓe, na san iyakar kowace gona da wanda ya sare ta. Na zauna na lissafa duk namijin da Kaka ya taɓa ba iri, na aika an duba. Ko sau ɗaya ban tuna da mace ba. A kaina iri ta hannun maza yake bi, alhali a gidanmu ma mace ce ke rataye shi.

Da bazara ka zo, rana tsaka, daga Kuki a kan keke, rigarka ta jiƙe ta manne. Ina zaure ina gyaran igiya. Ka kwance wani ƙunshi daga bayan keken, tsohon zane ne, ka shimfiɗa a kan tabarma. Zangarniya biyar, sun yi baƙi da hayaƙi. Tun kafin in taɓa na gane su.

Ka ce Gwaggo ta ce a gaya wa Mamman mai taurin kai, in ya sake kashe shi kada ya zo jana'izarta.

Sannan ka faɗi yadda za a yi, kana kallon ƙasa. A shuka shi tsakiyar dawa, inda ba wani gero kusa ta kowace fuska. Da ya fara fitar da kai a bi shi kullum, duk wanda bai yi kama ba a tumɓuke shi tun bai yi bununi ba, ko da ya fi sauran kyau. Kada a shuka biyar ɗin duka. Ka ce an yi maka canjin wurin aiki zuwa kudancin lardi, jibi za ka tafi.

Na ce, "Ajiye nan."

Abin da na ce ke nan. Ban ce sannu da hanya ba. Hajara ce ta aiko maka da ruwa daga cikin gida. Ka sha, ka yi sallama, na ji ƙarar sarƙar kekenka har ta ɓace.

Abin da ba ka gani ba shi ne na bi maganarka ɗaya bayan ɗaya. Na raba su biyu, biyu, ɗaya, na rataye da hannuna. Na zaɓi wani fili tsakiyar dawa a bayan babban dutse, na taka ƙafa ta gabas da yamma da kudu da arewa ina duba gonar kowa. Malam Ila ne kaɗai ke da niyyar shuka gero ta wajen, na je na roƙe shi ya sa gyaɗa, na yi masa noman kwana uku a madadin haka. Ya tambaye ni dalili, na ce mafarki na yi.

Na murje biyu na shuka. Ɗan wuri ne, bai fi shimfiɗar tabarma goma ba. Na kewaye shi da ƙaya saboda zabbi. Gurbi ya fito nan da can, na dube shi, na jefa wake.

Kullum da sassafe ina can. Hajara ta ce ko wata mace na ajiye a bayan dutse. Da ya yi ciki na daina cin abincin kirki. Ranar da na farko ya fasa, na durƙusa na buɗe ganyen da yatsa, gashin ya soke ni. Na bar yatsan a wurin. Cikin kwana bakwai duk suka fito, dogaye, gashi cif, kansu ɗaya kamar sahun salla. Uku ne kawai suka bambanta, ɗaya ma ya fi kowanne girma. Na tumɓuke su na kai wa akuya.

Geron Kaka ya dawo. A shekara ta uku ya cika gandu.

Kada ka ɗauka na sauka daga maganata. Har gobe furar mai gashi ta fi, kuma har gobe ban yarda kalma ɗaya ta isa ta yanke wa gero biyu hukunci ba. Naka ya ciyar da yara a watan da ba komai, nawa ya kai su rani uku. In aka ce in nuna beta a ciki sai in tambaya, a wace shekara, kuma ga wa. A nan ina nan inda nake.

Ga inda ba ni da ƙafar tsayawa. Da Sarkin Noma ya zo ya ga filin nan na bayan dutse, ya riƙe baki ya ce, "Mamman, ina ka samo shi?" Akwai mutane wajen shida a tsaye. Na ce, "Ai dama na ɓoye wani a tulu. Kun taɓa ganin na yarda da kayan boko?" Suka yi ta dariya suna cewa Mamman ba dama. Kafin kaka labari ya kai Kurfi. Tun daga ranar ake kiransa geron Mamman, har yau haka ake kiransa.

Ka ji labarin, na san ka ji. Da ka zo hutun Salla Hajara ta kawo maka furarsa. Ka sha a hankali, ka ajiye ƙwaryar, ka ce, "Alhamdu lillahi, ya dawo." Ka miƙo mini ludayin. Haka muka koma akushi ɗaya, ba wanda ya ba wani haƙuri. Ka yi shekaru kana jin ana yabona a gabanka, ana cewa da an biye wa malamin gona da an rasa, kana murmushi kana gyara hula.

A ciwonka na ƙarshe na zauna kusa da kai yini guda a Dutsin-Ma. Kana tambayata ko an yi ruwa a Tamawa, ko an fara huɗa. Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarka ko ƙafarka mai ciwo da sauƙi.

To ga ta yau, Sule, a gaban duk wanda ya iya karatu. Babu tulu. Ban ɓoye komai ba. Ni na ce a haɗa su gona ɗaya bayan ka hana. Ni na taka turmi na sauke wanda ba a taɓawa. Ni na tsaya a kasuwa na ɗora maka abin da na yi da hannuna. Gwaggo Hajjo ta riƙe geron, kai ka nemo shi shekara uku ka ɗauko shi a bayan keke, ni abin da na yi kawai shi ne na bi abin da ka ce, na kuma ɓoye cewa na bi. Duk wanda ke da shi a rumbu, daga Tamawa har inda ya kai, ya daina kiransa da sunana. In zai kira, ya ce geron Sule.

Ƙanena, ka yafe mini. Na san ka yafe tun a layin masu awo, amma ban taɓa roƙa ba, kuma wanda aka ba bai roƙa ba bai san nauyin abin ba sai ya tsufa. Sannu da hanya. Sannu da rana. Na ga rigarka ranar, na ga yadda ta jiƙe.

Allah ya jiƙanka, ya jiƙan Inna da Baba da Kaka da Gwaggo Hajjo. Allah ya yalwata makwancinka, ya sanyaya shi, ya sa duk ƙwayar da aka shuka daga biyar ɗin nan, da duk cikin da ta cika, su zama nauyi a mizaninka. In tawa ta zo, Allah ya sa in cika da imani, ya sa kada in ji kunyar haɗa ido da kai. Amin.

Ni ne yayanka,
Mamman, Tamawa.